Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano Kan Jinyar Masu Taɓin Hankali Da Ciwon Damuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce. Na yi shekarun aikina a ƙananan asibitocin sha-ka-tafi na cikin birnin nan har Allah ya sa na ajiye aiki lafiya. Amma ba wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yau shekara goma sha biyu ke nan yana fama da taɓin hankali, ni ce kuma nake riƙe da katinsa na asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tela ne. Yana da shekara ashirin da biyu abin ya fara masa, lokacin har ya fara yin suna a ɗinkin kaftani. Barci ne ya fara ƙaurace masa. Sai ya koma yana cewa mutanen majalisar ƙofar gidanmu da shi suke, ko da kuwa hirar farashin masara suke yi. Daga nan ya daina cin abincin Hajiyarmu, wai ana zuba masa wani abu. Watarana da asuba na same shi a zaure ya toshe kunnuwansa da ƙyallen atamfa, yana roƙon wasu da ba ma gani su yi masa shiru. Mun yi abin da kowane gida a Kano yake yi: ruƙiya, rubutu, hayaƙi, sadaka. Da abin ya ƙi, wani ɗan'uwa ya kawo shawarar wani gida a bayan gari inda ake ajiye irinsu. Wata bakwai ya yi a can. Ranar da muka je ɗauko shi, ƙafafunsa duk gyambo ne inda mari ya ci, har yau tabon yana nan, ba ya yarda ya naɗe wando a gaban mutane ko wajen alwala. Ni da nake ma'aikaciyar lafiya, da yardata aka kai shi. Wannan abu yana cina har gobe, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Da muka kai shi gaban likita, sai ya ce ciwon yana da suna, sikizofireniya, kuma ba kanmu farau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 300 yana ɗauke da shi. Aka ɗora shi a kan magani. Cikin mako uku yaron da ya yi wata da watanni bai runtsa ba ya kwana har hantsi, Hajiya tana leƙa shi tana kuka. Muryoyin suka yi nisa. Ya karɓi tuwo daga hannunta ya ci.

Saboda haka, ranka ya daɗe, duk wanda zai raina maganin asibiti ba a gabana ba. Tun 1952 da likitoci a Faransa suka fara gwada kuloforomazin, wanda aka fi sani da Largactil, a kan masu taɓin hankali, aka fara kwance mutane daga ɗauri a asibitocin duniya. Halofaridol ya biyo baya a 1958 daga Beljiyam, daga baya aka samu irin su risferidon da olanzafin. Dukkansu suna rage ƙarfin aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, wanda idan ya yi yawa a wasu hanyoyi sai mutum ya riƙa jin abin da babu, yana zargin abin da bai faru ba. Rahama ce daga Allah, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta.

Sai dai ga abin da ya biyo baya. Bayan wata biyu wuyansa ya sanƙare, yawu yana dalala, hannu yana rawa. Na tsaya a kansa wani yammaci yana ƙoƙarin zura zare a allurar keke, sau bakwai yana kuskurewa, sai ya ajiye zaren a hankali ya shiga ɗaki. Tun daga ranar ya fara ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe yana tofarwa. Ba mu ankara ba sai da ciwon ya dawo, ya fi na farko tsanani. Ashe wannan rawar hannu da sanƙarewa sanannen abu ne a tsofaffin magungunan, kuma yana da mafita: a rage yawan maganin, ko a sauya wani, ko a haɗa masa da Artane, ƙwayar da ke rage rawar jiki da sanƙarewa, na ɗan lokaci. Magana ce ta minti goma. Amma likitan da layi ya cika masa baranda tun kafin rana ta fito, ina zai samu minti goma ga kowa? Ban ga laifinsa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kaf ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma kullum wasu suna haɗa kaya suna ficewa waje.

Dawowa ta biyu kuɗi ne ya jawo ta. Magani ya yi tsada, muka fara raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Na san ba daidai ba ne, amma sani ba ya cika aljihu. Sai da aka mayar da shi kan allurar wata-wata muka samu sauƙi ta wannan ɓangare.

Abin da ya juya al'amarin ƙanena kuwa ba sabuwar ƙwaya ba ce. Wata matashiya ce masaniyar halayyar ɗan Adam da Allah ya haɗa mu da ita, ta zaunar da mu gaba ɗaya, shi da ni da Hajiya da babban wanmu, sau da yawa, kowane zama kusan awa guda. Ta fara da tambayarsa shi me yake so a rayuwa. Tun da ciwon ya fara babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Ya ce yana so ya koma kan keke. Daga nan aka ɗora komai. Ta bayyana masa aikin maganin da illolinsa da Hausa, ta ce duk abin da ya dame shi ya faɗa, kada ya tofar a ɓoye. Ta koya mana alamomin da ke nuna ciwo yana shirin dawowa: kwana biyu a jere babu barci, ƙin wanka, yawan kallon ƙofa. Ta roƙi babban wanmu ya daina kiransa malalaci, ta nuna masa cewa rashin kuzarin nan yana cikin ciwon. Ta ce wa Hajiya ta daina gardama da shi kan ko muryoyin gaskiya ne, ta tambaye shi kawai ko sun tsorata shi yau. Binciken da aka yi a Landan tun shekarun 1960 da 1970 ya nuna cewa marar lafiyar da ya koma gidan da ake yawan kushe shi da yi masa faɗa ya fi saurin sake kwanciya. Mu ba mu san da haka ba, muna ta yi masa faɗa saboda ƙauna. Shekara biyar ke nan bai sake kwanciya ba.

Wannan zama, ranka ya daɗe, shi ne rabin maganin da talakan Kano ba ya samu. Sa'a ce ta kai mu gare shi, kuma bai kamata lafiyar mutum ta rataya a kan sa'a ba.

Bari in koma ga abin da na gani a bakin aiki, domin masu yawo a titi da tsummoki kaɗan ne daga cikin masu lalurar. Mafi yawansu suna cikin ɗaka, sun yi wanka sun shafa hoda. Mace za ta zo ta ce jikinta duk ciwo yake, kanta yana zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu yana yi mata yawo a jiki, zuciyarta tana bugawa, ba ta barci. A gwada jini babu zazzaɓin cizon sauro, a gwada hawan jini lafiya lau. Sai mu rubuta farasitamol da maganin ƙarin jini mu ce Allah ya sawwaƙe. Bayan mako biyu ta dawo da irin kukan. Ba na manta wata mai jego, haihuwarta ta huɗu, da ta kawo jariri riga-kafi. Ta miƙo min shi ba tare da ta dube shi ba. Na ce, “Maman jariri, lafiya?” Ta ce, “Lafiya lau, Anti,” hawaye yana zuba a kan hijabinta. Bayana akwai mata sun fi arba'in a kan benci. Na yi wa yaron allura na ce ta yi haƙuri, jego sai a hankali. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar ta gaya min, amma ba ni da abin da zan yi da labarin, domin ba a taɓa koya min ba. Ban sake ganinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan hali bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ka auna wannan da yawan haihuwar da ake yi a Kano kowace rana.

Ciwon damuwa yana da magani, irin su amitiriptilin mai araha da fuluwokzetin. Amma ba sa aiki kamar maganin ciwon kai. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kuma bayan an warke ana ci gaba da sha na watanni don kada ya dawo. Idan ba a gaya wa mace haka ba, kwana biyar za ta sha, bakinta ya bushe, ta ga ba canji, ta watsar ta nufi kemis, a ba ta Valium. Shi kuwa yana sa barci a daren farko, amma shi ne mai kama jiki har a kasa rabuwa da shi. Ga wanda damuwarsa ba ta yi tsanani ba ma, ba ƙwaya ake so a fara da ita ba, zantawa ake so a fara da ita.

Na san idan aka ce magani ta hanyar zantawa, wasu za su ce ai muna da shi, akwai nasiha, akwai “yi haƙuri”. Nasiha tana da matsayinta, amma wannan aiki ne daban, mai tsari da adadin zama da abin da ake son cimma. Akwai hanyar da likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, ta gyaran tunani da ɗabi'a. Misali, maigida ya shigo bai yi magana ba. Matar da ke cikin damuwa nan take zuciyarta za ta ce ya tsane ni, ba ni da amfani, gara ma ba na raye. Sai ta shige ɗaki ta kwanta, ta bar girki, ta daina zuwa Islamiyya, ta daina shiga maƙwabta. Kwanciyar ta ƙara mata duhun zuciya, duhun ya ƙara kwantar da ita. Mai jinyar ba zai ce mata ta daina wannan tunani ba. Zai tambaye ta: me ya nuna miki ya tsane ki? Akwai ranar da ya taɓa shigowa shiru saboda kasuwa ta yi masa zafi? Da ƙanwarki ce ta kawo miki wannan labari, me za ki ce mata? Sannan su yi yarjejeniya kan ƙaramin abu guda da za ta yi kafin zama na gaba, ko da share ƙofar ɗaki ne ko komawa darasi ɗaya a mako. A hankali take koyon kama mugun tunani tun yana bakin ƙofa.

Akwai kuma hanyar da ke duba dangantakar mutum da jama'arsa, wadda ta rataya damuwa a kan abubuwa huɗu: rashi, saɓani, sauyin rayuwa da kaɗaici. Duk wanda ya san Kano ya san wannan kamar da mu ake. Matar da ta fito daga takaba da marayu biyar, yarinyar da aka saka tana da shekara ashirin ta koma gida ana kallonta a matsayin nauyi, uwargidan da aka yi wa amarya ba shiri, magidancin da shagonsa ya ƙone a gobarar kasuwa. An gwada wannan hanya a ƙauyukan Yuganda, ana tara mutane rukuni-rukuni, maza daban mata daban, kuma sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna ta yi aiki sosai.

Kada wani ya ce mana baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai tare. Ya bambanta baƙin cikin da ake sanin dalilinsa da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, wanda ya ce yana buƙatar a yi wa jiki magani, kuma ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kuma babu mai cewa imaninsa ne ya yi rauni. Don haka a daina gaya wa mai ciwon damuwa wai ƙarancin tawakkali ne ke damunsa.

Za ka tambaye ni, ina za a samu ma'aikatan? Amsar tana hannunka. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron mutane da harshensu na Shona, suna bi da su mataki-mataki wajen warware matsala, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfanin abin. A karkarar Rawalpindi ta Fakistan, ƙasar Musulmi masu kulle kamar mu, an koya wa ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida hanyar gyaran tunani don masu ciki da masu jego, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta mayar da shi littafin horo. Ita dai hukumar tun 2008 ta fito da shirin mhGAP, wanda aka yi shi musamman don ma'aikaci irina ya iya gane waɗannan cututtuka, ya fara magani, ya san wanda zai tura gaba. A gida Najeriya ma, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta maimakon kulle su.

Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, tana da makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya, tana da Jami'ar Bayero, ga ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau. Roƙona shi ne a horar da aƙalla mace ɗaya da namiji ɗaya a kowane asibitin mazaɓa, a mayar musu da littattafan horon nan Hausa, Hausar da tsohuwa za ta gane, a kuma haɗa su da ƙwararren da zai riƙa bibiyar aikinsu, domin horon kwana biyar a otel ba tare da bibiya ba ɓarnar kuɗi ne, na sha halartar irinsa. A ba su ɗaki mai ƙofa. Mace ba za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ba alhali maƙwabciyarta tana bayan labule tana jiran awo. A sa tambayoyi biyu ko uku kan barci da walwalar zuciya cikin abin da ake tambaya ranar awon ciki da ranar riga-kafi.

Sai magani. Ina roƙon a sa magungunan ƙwaƙwalwa na yau da kullum cikin waɗanda hukumar samar da magunguna ta jiha take kai wa ƙananan asibitoci ba yankewa, kuma tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ya ɗauki nauyinsu ga marasa ƙarfi, har da allurar wata-wata. Maganin da ake sha shekara da shekaru ba a yi masa lissafin maganin mura. A haɗa da gwaje-gwajen da suke tafiya da su. Litiyam, wanda tun 1949 likita John Cade ya gano amfaninsa a Ostareliya ga masu ciwon da ke ɗaga mutum sama ya yi ta zumuɗi da ɓarnar dukiya sannan ya jefa shi ƙasa, ba a shan sa sai ana auna jini, domin tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa tazara kaɗan ce, kuma yana iya taɓa ƙoda. Olanzafin yana sa ƙiba, yana iya jawo ciwon suga. Balfurowet, wanda ake ba masu farfaɗiya da masu irin ciwon da ake ba litiyam, yana yi wa ɗan tayi illa, a garin da yarinya za ta iya samun ciki wata uku bayan aure dole kowane mai rubuta shi ya san haka.

Akwai wani ƙulli da nake so ka duba da kanka. Artane ɗin da ke hana hannun ƙanena rawa, shi ne Exol da matasa ke sha don maye. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ake ta ƙara matsa wa masu sayar da ƙwayoyi, kuma daidai ne. Amma a yi tsarin da mai takardar likita zai samu nasa cikin mutunci, kada ya tsaya gaban kanta ana yi masa kallon ɗan ƙwaya. Su kansu yaran da suka faɗa shaye-shaye marasa lafiya ne. Duka da mari ba su taɓa cire sha'awar ƙwaya daga ƙwaƙwalwa ba, abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida, da yawansu a ɗaure, ya isa izina.

Game da malamanmu masu ruƙiya, ba na goyon bayan a yi faɗa da su. Wurinsu mutane ke fara zuwa, mu ma can muka fara. A jawo su jiki, a nuna musu alamomin da idan sun gani za su ce a tafi asibiti, su kuma ci gaba da addu'a. An gwada irin wannan haɗin gwiwa tsakanin masu maganin gargajiya da na addini da ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje, kuma sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Da malamin da ya fara yi wa ƙanena tofi ya ce mana mu haɗa da likita, da ƙafar ƙanena ba ta san mari ba. Kalmar malam ɗaya ta fi tawa goma nauyi a wurin Hajiya.

Doka ma yanzu tana bayanka. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Ta amince cewa mai wannan lalura mutum ne mai haƙƙi, ba abin ɗaurewa ba. Saura tanade-tanadenta su sauko daga takarda su iso unguwanni, wannan kuwa aikin jiha ne.

Ƙanena ya koma kan kekensa. A sallar da ta wuce shi ya ɗinka wa 'ya'yana maza kayansu, ya zura zarensa da kansa. Ranar Talata mai zuwa ce ranar allurarsa. Za mu fita bayan sallar asuba, mu hau a-daidaita-sahu biyu, mu bi layi, ya rasa ɗinkin yini guda, ni kuma gwiwoyina sun fara gajiya da wannan tafiya, ban san wanda zai riƙa raka shi bayana ba. Asibitin unguwarmu kuwa, ranka ya daɗe, daga ƙofar gidanmu ana hango rufinsa.

Wassalamu alaikum.

Daga wata tsohuwar ma'aikaciyar lafiya,
Cikin birnin Kano.